Ɗakin jinin asibitin da aka kwantar da ƙanena: aikinsu na da kyau, jira ne ya yi yawa

Idan maki biyar ake rabawa, ma'aikatan ɗakin jinin wannan asibiti sun ci huɗu a wurina. Tsarin da suke aiki a ƙarƙashinsa kuwa biyu zan ba shi, su ma biyun albarkacin daren farko ne. Babban asibitin koyarwa ne na gwamnati a nan Arewa. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da zan yi ƙorafi a kai ba nasa ba ne shi kaɗai, duk wanda ya taɓa jinyar mai buƙatar jini a asibitocinmu zai gane wurin ko da a wani gari ya yi tasa jinyar. Ni malamin makaranta ne, ilmin halittu nake koyarwa a sakandare, shi ya sa tambaya ta yi mini yawa a bakin gado. Na gode wa likitocin da suka yi haƙuri da ni.

Ƙanena kafinta ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Mota ta kwashe shi a kan babur yana dawowa daga kai aiki, babu hular kwano a kansa. Ya bugu ta gefen dama, fatar kan ta tsage, ƙashin cinyar hagu ya karye. Ko da aka isa da shi sashen gaggawa ba ya buɗe ido, ba ya magana sai gurnani, in an matse masa farce sai ya janye hannu. Likitan ya rubuta 7 cikin 15 a fayil. Wannan ma'aunin suma ne da likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Glasgow a 1974. Ana duba ido da magana da motsi, mafi ƙanƙanta 3, mai cikakken hayyaci 15, daga 8 zuwa ƙasa kuwa buguwa ce mai tsanani. Hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna cikin kai, ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, dole a buɗe a kwashe a wannan daren.

A nan ɗakin jini ya fara burge ni. Kafin mu kawo ko mutum ɗaya da zai bayar, an ɗebi jininsa an kai, an gano rukuninsa B ne mai alamar tarawa, an yi gwajin dacewa, aka saki leda biyu bisa sa hannun likitan tiyata kawai. Ba a ce mu je kanta mu biya tukuna ba. Wani ma'aikaci ya miƙo mini takarda ta taga ya ce, "Malam, sa hannu a nan, za ku maye gurbi daga baya. Allah ya ba shi lafiya." Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma mun saba jin doka a takarda kawai, amma a wannan dare na ga an yi aiki da ita. Da sun ce sai mun tara mutane da tsakar dare, ban ga yadda za a shiga tiyatar nan a kan lokaci ba.

Sai da aka fito da shi aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, aka jona masa na'urar numfashi, sannan na fara fahimtar cewa maganar jini ba ta ƙare da tiyata ba. Likitar da ke kula da ɗakin, wadda ita ce ta sa shi barci a tiyata, ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibaina. Ta ce buguwar farko ta riga ta faru a kan titi, babu mai mayar da ita. Abin da suke yaƙi da shi yanzu shi ne ɓarna ta biyu, wadda ke biyo baya idan ƙwaƙwalwar da ta kumbura ba ta samun isasshiyar iskar oksijin. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma ita ke shan kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke amfani da shi, kuma ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Abu uku ke kai mata abincin nan: huhu ya shigar da iska, zuciya ta tura jini da ƙarfi, sannan a sami isassun jajayen ƙwayoyin da za su ɗauka. Na'ura ta riƙe na farko. Na biyu suna riƙe da shi da ruwa da magani, domin ƙa'idar masana buguwar kai ta 2016 ta ce a mai shekara 15 zuwa 49 kada lambar sama ta awon jini ta sauka ƙasa da 110. Na uku kuwa babu kamfanin da ke yin sa, sai dai a samo daga jikin wani mutum.

Kullum da asuba ana ɗibar jininsa a auna. A asibitocinmu PCV aka fi faɗa, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Turawa a rubuce-rubucensu himogulobin suke ambata, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin, in ka ninka shi uku sai ka sami PCV ɗin kusan daidai: 7 ya zama 21, 9 ya zama 27, 10 ya zama 30. Bayan tiyata nasa yana 31. Daga nan ya riƙa zamewa, 28, 26, har ya kai 24, alhali ba wani jini da muke gani yana zuba. Na tambaya, aka ce abu ne da aka saba gani. Karayar cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita ɗaya a cikin tsoka, ruwan da ake ƙara masa yana tsinka jinin, ɗiban da ake yi don gwaji yana taruwa, sannan jikin da ke fama da rauni ɓargonsa ba ya yin sabon jini da sauri.

Ranar da ya kai 24 ne na ji likitoci biyu sun saɓa a lokacin zagaye. Ƙaramin yana cewa bai kai a ƙara ba, ƙa'ida ita ce sai ya sauka 21. Babbar ta ce a wannan marar lafiyar ba za ta jira 21 ba, a rubuta leda ɗaya. Da suka fito na tare ta a baranda na ce, "Likita, ki yi haƙuri, wanne ne daidai a cikin maganganun nan biyu?" Ta ce duka biyun suna da asali, ta faɗa mini inda zan duba. Na duba, kuma ina ganin ya kamata mai jinya ya san wannan, don kada ya zaci sakaci ne in an ƙi ƙara wa nasa jini, ko ya zaci ɓarna ce in an ƙara.

A da can likitoci suna ƙara jini da zarar himogulobin ya sauka 10, wato PCV 30. A 1999 aka buga wani babban bincike daga Kanada, ƙarƙashin Paul Hébert, a kan mutum 838 da ke ɗakunan kulawa ta musamman. Ya nuna waɗanda aka jira sai sun sauka 7 kafin a ƙara musu ba su fi mutuwa ba, kuma an rage ledojin da ake kashewa ƙwarai. Daga nan duniya ta koma 7, kuma da hujja, domin ƙarin jini ba ƙarin ruwa ba ne. Yana iya kawo zazzaɓi, ya cika huhu da ruwa, ya jawo gudan jini a jijiya, ban da haɗarin cuta da na kuskuren rukuni. Sai dai masu buguwar kai 'yan kaɗan ne a cikin wancan bincike, don haka likitocin ƙwaƙwalwa ba su natsu ba. A 2014 aka gwada a Houston ta Amurka a kan mutum 200 masu buguwar kai, 7 da 10, ba a ga riba a 10 ba, sai ma gudan jini da ya fi yawa a wurinsu. Wannan shi ne karatun da ƙaramin likitan ya yi, kuma bai yi ƙarya ba.

A 2024 ne lissafi ya motsa. Binciken da ake kira HEMOTION, wanda Alexis Turgeon na Kanada ya jagoranta, ya ɗauki mutum 742 masu buguwar kai matsakaiciya da mai tsanani a Kanada da Birtaniya da Faransa da Barazil. Bayan wata shida, waɗanda suka mutu ko suka rage da naƙasa mai nauyi kashi 68.4 ne a ɓangaren 10, kashi 73.5 a ɓangaren 7. Tazarar ba ta kai wadda masu lissafi ke yanke hukunci da ita ba, mace-mace kusan ɗaya ne, matsalar huhu ma ta ɗan fi yawa a waɗanda aka fi ba jini. Sai a ƙarshen shekarar wani ya fito, TRAIN, ƙarƙashin Fabio Taccone na Beljiyam, mutum 850 a ƙasashe 22, ya haɗa masu buguwar kai da waɗanda jijiya ta fashe musu a ƙwaƙwalwa. Shi 9 ya gwada da 7. Bayan kwana 180, mummunan sakamako kashi 62.6 a ɓangaren 9, kashi 72.6 a ɓangaren 7, kuma wannan karon tazarar ta tabbata. Mutuwar wani yanki na ƙwaƙwalwa saboda ƙarancin jini ma ta fi yawa a waɗanda aka jira da su. Wato a duk mutum goma, kusan ɗaya ya tsira daga mummunan sakamako don an ƙara masa da wuri. Wannan ne ya sa babbar likitar ta ƙi jiran 21, kuma ni ina bayanta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan bincike an yi su ne a inda likita zai rubuta, cikin ɗan lokaci leda ta iso. Mu a nan an rubuta da hantsi, ba a rataya ledar ba sai bayan sallar isha'i.

Ga yadda ranar ta tafi. Nas ta ba ni fom da ƙaramar kwalbar jininsa ta ce in kai ɗakin jini da kaina, don mai kai saƙo ɗaya ne kuma ya tafi wani sashe. Ɗakin jini yana can wani gini daban, sai ka ratsa ɗakin haihuwa da kantin magani. A taga aka duba littafi aka ce akwai bashin leda biyu a kanmu, sai mun biya su, sannan mu kawo mutum na uku, kafin a saki sabuwa. Na ce marar lafiyar yana kan na'ura. Ma'aikacin bai ɗaga mini murya ba, ya ce, "Malam, wallahi ba ƙeta ba ce. B leda ɗaya ta rage mini, kuma akwai mai naƙuda da aka ce tana zubar da jini. In na ba ka ita, wa zai ba ta?" Ya juya ya buɗe firjin don in gani da idona. Firji babba mai ƙofar gilashi, da agogon sanyi a samansa yana nuna 4, kantocinsa kusan wayam, 'yan ledoji ne jefi-jefi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Laifin yana kan tsarin da ya sa mutum ɗaya a taga ya riƙa zaɓa tsakanin mai naƙuda da mai suma.

Daga nan sai waya. Abokan aikinsa kafintoci, matasan unguwa, ɗan limaminmu, wasu malaman makarantarmu. Jama'a sun amsa, Allah ya saka musu da alheri, amma kafin su taru azahar ta yi. Sai layin biyan kuɗi, inda intanet ta ɗauke na'urar ta tsaya. Sai layin tantancewa. Gado biyu ne kawai na ɗibar jini, ma'aikaci ɗaya ke tambayoyi, shi ke soka allura, shi ke rubuta lamba a leda. Bayan an ɗiba sai gwajin cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Sannan gwajin dacewa da jinin ƙanena. Wannan ɓangare na ƙarshe ban so a gaggauta shi ba, kuma ba su gaggauta ba. Abin da ya ci ranar shi ne duk abin da ya gabace shi. Da aka sake auna shi da yamma, PCV ɗin ya sauka 22. A taƙaice likita ta yanke hukunci irin na 2024, amma jira ya mayar da mu kusa da ƙa'idar da ta ƙi bi.

Abu biyu na gani a wannan layi da ba zan bari su wuce ba. Na farko, masu sayar da jini. Tun daga bakin ƙofar asibiti suke gane mai fom a hannu. Wani ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, wane rukuni ake nema? Akwai yara." Dokar 2014 ɗin nan ta haramta sayar da jini, amma ga shi a fili. Haɗarin a bayyane yake. Wanda zai karɓi kuɗi ba zai faɗi gaskiya ba in an tambaye shi yaushe rabonsa da bayarwa ko wace rashin lafiya ya yi, kuma akwai ɗan lokaci bayan kamuwa da cuta da gwaji ba ya ganinta. Ma'aikatan ciki sun san fuskokinsu, na ga an duba gwiwar hannun wani an ga tabon allura an kore shi. Wannan abin yabo ne. Amma muddin ana cewa sai ka kawo mutum, baƙon da aka kawo daga ƙauye wanda bai san kowa a gari ba wurinsu zai koma.

Na biyun ya fi ci mini rai. Cikin waɗanda suka zo mana akwai wani saurayi da gwaji ya nuna yana da ciwon hanta nau'in B. Ta taga aka faɗa masa, mutane na tsaye a bayansa, "Kai ba za ka iya ba, kana da ciwon hanta, na gaba." Yaron ya tsaya kamar an dasa shi. Babu wanda ya ja shi gefe, babu takardar da ta tura shi wurin likitan hanta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Nijeriya suna ɗauke da wannan cuta, ke nan kullum sai an sami irinsa a wannan taga. Mutum ya zo yin alheri, ya tafi da labari mai nauyi da kunya a gaban abokansa. Ɗan ɗaki da labule da kujera biyu sun isa gyara wannan. Ni na kai shi asibitin hanta daga baya, yanzu ana bin lafiyarsa.

Ni ma na bayar. An auna nauyina, don sai wanda ya kai kilo 50 kuma ya cika shekara 18, aka soki yatsa aka duba ƙarfin jinin, aka ɗebi mililita 450 cikin minti kamar goma. Allura sabuwa a gabana aka ɓare ta, haɗe take da ledar. Aka ce in zauna in huta, in sha ruwa da yawa. Washegari na shiga aji na yi darasi. Na faɗi haka ne saboda matasan da suka noƙe suna cewa jini in ya fita ba ya dawowa. Ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Na so a ba ƙanena nawa tunda rukuninmu ɗaya, ma'aikacin ya ce gara a sa shi a firji a ba wani, a ba ƙanena na bare. Dalilinsa shi ne fararen ƙwayoyin jinin ɗan'uwa na kusa suna iya shiga jikin marar lafiya ba a gane su a matsayin baƙi ba, su zauna su juya suna yaƙar jikin. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru da wuya a tsira. Na koma na duba, gaskiya ya faɗa. Inna kuwa damuwarta daban ce, ta ce, "Yanzu wanda ya ba shi jini ya zama ɗan'uwansa ke nan kamar na shan nono?" Muka tambayi malam ya ce a'a, ƙarin jini ba ya haramta aure.

Inda na ba su maki cikakke shi ne bakin gado. Da ledar ta iso cikin akwatin sanyi, nas biyu suka tsaya, ɗaya na karanta suna da lambar asibiti da rukuni da lambar leda da ranar ƙarewa, ɗaya na dubawa a fayil da abin hannunsa. Matarsa ta taɓa ledar ta ji sanyi ta ce, "Yaya, ba za a ɗan sa ta a ruwan zafi ba?" Nas ɗin ta ce kada a kuskura, zafi yana fasa ƙwayoyin, kuma leda ɗaya da ke tafiya a hankali sanyinta ba ya cutarwa. Ta jona ta da robar da ke da mataci, ta rubuta lokaci, ta ja kujera ta zauna. Na ce, "Sista, ba ki da sauran marasa lafiya?" Ta ce minti goma sha biyar na farko ba ta tashi. Mai hayyaci in jini bai karɓe shi ba zai ce bayansa na ciwo, ko yana jin sanyi, ko ƙirjinsa ya riƙe. Wanda ke cikin suma ba zai ce komai ba, ita ce bakinsa. Idonta na kan zafin jiki, bugun zuciya, awon jini, da ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado, don in fitsari ya fara komawa ja ko baƙi-baƙi alama ce ƙwayoyi na fashewa, sai a tsayar nan take. Ta lissafa ɗigon yadda zai ƙare kafin awa huɗu, domin ledar da ta bar firji in ta wuce haka ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki. Da safe PCV ya hau 25, daidai da abin da ake tsammani, leda ɗaya maki uku. Aka rubuta wata, wannan karon ba a daɗe ba, tunda mun riga mun tara musu.

Akwai gibi a kayan da suke da su. Yawancin abin da ake bayarwa jini ne sukutum yadda aka ɗebo shi. Ga wanda ke zubar da jini a tiyata hakan ya dace. Ga wanda ke kwance, jajayen ƙwayoyi kawai yake buƙata, sauran ruwan nauyi ne a kan zuciya da huhu. Suna da injin rabawa, amma ba kullum ake samun rababben ba. Wannan ya fi zama damuwa ga masu buguwar kai, domin kusan ɗaya cikin uku na masu tsananin buguwa jininsu yana rikicewa ya ƙi daskarewa, su kuma plazma suke buƙata, wato ruwan jinin da aka ware daga ƙwayoyin, ko ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, waɗanda kwana 5 kawai suke yi kuma ba a firji ake ajiye su ba. Maƙwabcin gadonmu an nema masa su, sai da 'yan'uwansa suka fita gari. Ƙanena Allah ya tsare shi daga wannan. Ta fuskar wuta kuwa sun yi ƙoƙari, firjin yana kan sola, kuma na ga takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma, tsakanin 2 da 6 yake zama. Kuɗi ana ce maka na gwaji da leda ne, ba na jini ba, kuma ana ba da rasit. Haka ne, amma ga wanda ke biyan gadon kulawa ta musamman da hoton CT da magunguna, kowace leda sai an ji ta a jiki.

Tushen matsalar ba a ginin nan yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in kashi 1 cikin ɗari na al'umma suna ba da jini, za a biya buƙatu na dole. Mu da muka haura miliyan 200, ana maganar leda kusan miliyan 2 ke nan a shekara, abin da ake samu kuwa bai kama ƙafar haka ba, kuma mafi yawansa na 'yan'uwa ne da na masu sayarwa. An kafa hukumar jini ta ƙasa da doka a 2021, ana bikin ranar masu ba da jini duk 14 ga Yuni, amma firjin da aka buɗe mini shi ne shaidar inda aka kwana. Duk da haka akwai abin da asibitin zai iya yi gobe ba sai ya jira Abuja ba. Ya sa marar lafiyar da ke kan na'urar numfashi a sahun gaggawa kamar mai shiga tiyata, a saki jini a bi bashi daga baya. Ya faɗa wa masu jinya tun ranar farko cewa mai buguwar kai zai ƙara buƙatar jini cikin makon, su fara tara mutane. Da an faɗa mini haka a daren tiyata, da na biya bashin nan tun kafin a nema, da ranar nan ba ta tafi a layi ba.

Game da yadda ƙanena ya ƙare, ya farfaɗo a hankali. Ya fara buɗe ido, daga baya ya riƙa matse hannu in an ce ya matse, aka cire shi daga na'ura, aka gyara cinyar. Yau yana tafiya da sanda, hannun hagu ba shi da ƙarfi, yana mantuwa, yana saurin fushi abin da ba halinsa ba ne a da. Yana zuwa gashi, yana zama a shago yana nuna wa yaransa aiki, amma bai koma riƙe zarto ba. Mun gode wa Allah. Ba na ɗora raunin hannun nan a kan jinkirin rana ɗaya, buguwar da ya sha ta isa ta yi haka. Kuma lambobin da na kawo a sama suna da wani darasi mai ɗaci da ya kamata dangi su ji tun wuri: ko a ɓangaren da aka fi ba jini, a manyan asibitocin Turai da Kanada, fiye da shida cikin goma ba su koma yadda suke ba. Jini yana kare abin da ya saura na ƙwaƙwalwa ne, ba ya dawo da wanda ya tafi.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai nasa wannan asibiti, zan ce ya kai, kuma kai tsaye, kada ya ɓata awanni a ƙaramin asibitin da ba shi da hoton CT. Likitan ƙwaƙwalwa da na'urar numfashi da ɗakin jini duk suna cikin katanga ɗaya, kuma jinin da za su ba ka an tantance shi. Amma tun ana cikin tiyata wani ya zauna ya fara kiran waya, a kawo mutane fiye da adadin da aka nema, don ba duka za su tsallake gwaji ba. Su ci abinci kafin su zo, kuma su zo da safe kafin layi ya yi tsawo. Kowace safiya a tambayi nas nawa PCV yake, a rubuta a takarda. In aka ga ya sauka ƙasa da 27, a tambayi likita cikin ladabi ko akwai shirin ƙarin jini, sannan a leƙa taga a ji ko akwai rukunin a firji.